Tarihin Su da Fatsa a Zariya

Duk wanda aka ambata wa Limancin Kona ta birnin Zariya, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne zaure da buzu da littafi. Unguwar malamai ce tun kafin jihadi, ana kuwa danganta asalin mutanenta da ƙasar Barno. Limamin Kona ya daɗe cikin masu zaɓen Sarkin Zazzau, har a zaɓen da aka yi cikin 2020 yana ɗaya daga cikin mutum biyar ɗin da aka ɗora wa wannan nauyi, tare da Waziri da Limamin Juma'a da Makama Ƙarami da Fagaci. Ba wanda zai je irin wannan wuri neman labarin masunta. Zariya ma kanta ba garin ruwa ba ce kamar Argungu ko Yawuri. Birni ne na tudu, a tsakanin duwatsu, mutanensa manoma ne da malamai da marina da maɗinka. Ko harajin da sarakunan Zazzau ke karɓa a wurin talakawa kafin zuwan Turawa, da galmar noma ake ƙidaya shi, don haka ake ce masa kuɗin galma.

Amma duk da haka kamun kifi tsohon abu ne a nan, yana kuma da ƙa'idodinsa, waɗansu daga al'ada, waɗansu daga littattafan da ake karantawa a zaurukan Kona. Yawancin waɗanda suka yi shi ba da shi suke ciyar da iyalinsu ba. Suna yinsa ne don marmari da nishaɗi, in aikin gona ya yi sauƙi. Irin wannan su kuwa shi ya fi saurin mutuwa in ruwa ya lalace, domin masunci na sana'a yakan naɗe tarunsa ya yi ƙaura zuwa wani kogi, amma mai fatsar yamma ba shi da inda za shi sai rafin da ke bayan garinsu.

Babban ruwan ƙasar shi ne Galma, wanda ke wucewa gabas da birni, tafiyar 'yan mil kaɗan daga ganuwa. Kubanni ya taso daga wajen Shika, ya bi ta Samaru, ya ratsa tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, sa'an nan ya faɗa Galma. Saye yana kudu, Kamaca kuwa ita ke kwashe ruwan cikin birni. Dukansu Galma ke tattara su ya kai wa kogin Kaduna, shi kuma Kaduna ya gangara ya shiga Kwara a ƙasar Nufe. Watau kifin da yaro zai kama a bayan Ƙofar Kona danginsu ɗaya da na Kwara, kuma kafin a gina madatsun ruwa ba abin da ke tare masa hanya tsakanin can da nan sai fari.

Ruwan sama a Zariya yakan fara wajen watan Mayu ya ɗauke cikin Oktoba, abin da ke zuba a shekara ya kai inci 40 ko ɗan fiye. Da rafuka sun kawo, sai kifi ya juya kansa sama, ya yi ta hawa yana bin sabon ruwa, har ya fita daga cikin kogi ya bazu cikin ciyawar fadama. A nan yake zuba ƙwai, a nan 'ya'yan ke samun abinci da maɓoya har su yi ƙwari. In kaka ta yi, ruwa ya fara janyewa, sai manya da ƙanana su nufi kogi. Waɗanda suka yi jinkiri ruwa ya yanke musu, su rage cikin tafkuna da gurabu masu zurfi, su yi ta matsuwa wuri ɗaya har bazara. Duk wata dabara da wata doka ta su a ƙasar Hausa, a kan wannan tafiya da komowa aka gina ta.

Kafin yaron birni ya san Galma, kududdufi ya fara sani. Gidajen Zariya da ganuwarta da ƙasa aka gina su, ƙasar nan kuwa daga cikin birni aka haƙo ta, saboda haka kowace unguwa tana da ramukanta waɗanda damina ke cikawa. Da marka ta yi, ruwa ya haɗa wannan kududdufi da wancan, sai tarwaɗa ta samu hanya. Ita tarwaɗa Allah ya yi mata wata halitta a bayan kai wadda take shaƙar iska da ita, don haka takan rayu cikin ruwan da zai kashe sauran kifaye, har takan ja ciki ta bi jiƙaƙƙiyar ciyawa da dare daga wannan ruwa zuwa wancan. Gaiwa ta fi ta ban mamaki. In ruwa ya ƙafe sai ta nutse cikin taɓo, ta naɗe, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta bar 'yar kafa ta numfashi, ta kwanta wata da watanni har ruwa ya komo. Masu haƙar ƙasar gini da rani sukan tono ta da ranta. Mutanen da suka ga kifi ya bayyana a ramin da jiya ƙura ke tashi sukan ce daga sama ya faɗo tare da ruwa, alhali yana nan ƙarƙashin ƙafarsu tun bara.

Kayan fatsar yara ba su da tsada. Sanda ce siririya, da zare, da ƙugiya ta maƙeri ko ta kanti, da guntun totuwa da ake ɗaurawa a zaren don ta yi iyo a bisa ruwa. A soka tana ko shinge ko fara ko hanjin kaza, a jefa, a zauna. Wanda bai taɓa yi ba yakan ɗauka zaman banza ne, amma mai fatsa ya san bambancin motsin totuwa in 'yan ƙananan kifaye ke tsattsagar tana, da irin nutsewar da take yi gaba ɗaya in tarwaɗa ta haɗiye. Ya san kuma in ya fizga da wuri ya yi asara, in ya yi jinkiri an cinye masa tana a banza. Almajirai da yawa sun koyi wannan a ranakun Alhamis da Jumma'a da ba a karatu. Abin da ba a sani ba a zamanin da shi ne, tsargiyar da ke sa yara fitsarin jini daga irin wannan ruwa ake ɗaukarta, ta hanyar ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ciki.

Kifin kogi ya fi na kududdufi yawan iri, kuma Hausawa sun ba kowanne sunansa. Akwai karfasa, wadda uwar ke ɗaukar ƙwanta a baki, ta ƙi cin abinci har su ƙyanƙyashe, in kuma 'ya'yan sun ga abin tsoro su ruga su koma cikin bakin. Akwai ƙurungu mai ƙayoyi uku masu kafewa, wanda ke gurnani in an fitar da shi, ya kuma huda hannun wanda bai iya kamu ba. Akwai ragon ruwa da ramboshi da kawara da ɓurdo da kuma talibambam mai kumbura. Minjirya kuwa kowa ya san labarinta, gama girgizar babbarta ta fi ta wayar lantarkin gida ƙarfi, ko da yake ta ƙiftawar ido ce. Bargi yakan share wuri cikin ciyawar fadama ya yi sheƙa kamar faifai babba, ya tsare 'ya'yansa a ciki. Yauni ma yana sheƙa, yana kuma cizon duk wanda ya kusance ta. Su giwan ruwa da tsage 'yan manyan koguna ne, irin su Kaduna da Kwara da Binuwai. Giwan ruwa yakan wuce kilo 100, ga shi kuwa an ce kifin fadama ba ya gasa da na gulbi.

To, wa ke da ikon wannan dukiya? A ƙasar Hausa ruwa yana da sarkinsa. Sarautar Sarkin Ruwa tana cikin sarautun Zazzau tun zamanin Haɓe, ta kuma ci gaba bayan Fulani sun karɓi mulki a farkon ƙarni na 19. Wani mai bincike, M. G. Smith, wanda ya zauna a ƙasar Zazzau cikin 1949 da 1950, ya kawo ta cikin jerin sarautun ƙasar a littafinsa na 1960. Ban da babbar sarautar fada, garuruwan bakin kogi suna da nasu sarakunan ruwa, waɗanda galibi gado suke yi. Su ke kula da fito da jiragen ruwa, su ake kira in wani ya nutse, su ke da asirin kada. Kada kuwa ba abin wasa ba ne a wancan zamani, sunan Kaduna ma daga kadduna aka samo shi. Masunta na sosai da yawansu Sarkawa ne, waɗanda asalinsu daga wajen Kabi da Yawuri suke, suka yi ta bin koguna da taru da mamari da zago har suka bazu ko'ina cikin Arewa. Su masu gado ne. Manomin da ke shiga ruwa sau ɗaya ko sau biyu a shekara shigege ne, ya kuwa san matsayinsa a gabansu.

Babban aikin Sarkin Ruwa shi ne hani. In ruwa ya janye, kifi ya taru a gurabu, sai ya sa wa manyan gurabun doka, ba mai jefa koma ko homa a ciki sai ranar da ya faɗa. Yaro da fatsarsa a gefen rafi ba a kula shi, don abin da ƙugiya ɗaya za ta ɗauka bai taka kara ya karya ba. Amma wanda aka kama ya shiga da taru da dare, a ƙwace kayansa, a kai shi gaban dagaci. Ana nan har rani ya yi nisa, amfanin gona ya shiga rumbu, hannu ya huta. Sa'an nan a yi shela a kasuwanni cewa ran kaza za a yi su a wuri kaza. Ranar kuwa tun da hantsi bakin ruwa ya cika, ga makaɗa, ga mata masu tuya, ga 'yan kallo da suka fi masu shiga yawa. Kowane mai shiga yana da homa biyu, ɗaya a kowane hannu, waɗansu da babban gora wanda suke kwanciya a kai su yi iyo, su kuma zuba abin da suka kama a ciki. Ba mai taɓa ruwa sai Sarkin Ruwa ya gama abin da zai yi ya ba da izini. Da ya ba da, sai a ruɗa gaba ɗaya, ruwa ya gurɓace, kifi ya rasa mafaka. Wanda ya fito da babba a yi masa kirari, wanda minjirya ta girgiza a yi masa dariya har shekara ta kewayo. Da la'asar a fitar da rabon Sarkin Ruwa da na mai gari, kowa ya nufi gida.

Mai karatu zai lura da abu biyu a nan. Hanin ya bar kifi ya yi girma, ya kuma sa talaka da mai hali sun shiga ruwa a sa'a ɗaya. Sa'an nan homa ba ta share ruwa ƙaf. A wurare masu zurfi da ƙarƙashin duwatsu da saiwoyi iri yakan tsira, shi ne zai hau fadama in damina ta faɗi. Ba a ce mutanen da ba su da ɓarna ba. Sun san magimfa, wata shuka da ake dakawa a zuba a ruwa kifi ya bugu ya taso. Sai dai ƙarfinta a ƙaramin gurbi yake, ba ta kuma daɗewa a ruwa.

A nan ne malaman Kona da na sauran unguwannin ilmi suka shigo cikin labarin, ko da yake ba su riƙe homa ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ɗalibi ke bi a zaure sun yi magana a kan kifi a wurare da dama. Sun nuna dabbar ruwa halal ce ba sai an yanka ba, mushenta kuma ba najasa ba ne. Wannan ya sauƙaƙa wa mutane ƙwarai, gama nama sai mahauci, sai ranar kasuwa, sai kuɗi, amma kifi ko yaro ya kawo an ci. Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu cikin 996, ta raba farauta biyu: wadda ake yi don wasa kawai makaruhi ce, wadda ake yi don wata bukata halal ce. Malamai sun fi kawo wannan a kan farautar daji, amma hankalin da ke ciki ya shiga jinin mutane har bakin ruwa. Bahaushe yana jin daɗin su iyakar jin daɗi, yana kiɗa, yana gasa, yana fahariya da abin da ya kama, amma ƙarshen kifin tukunya ne. In ya fi ƙarfin gidansa ya aika wa maƙwabta da surukai da malaminsa. Kama rai don a yi wasa da shi a yar, abin kunya ne a wurinsa.

Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, wanda shi ne babban littafin alƙalai a ƙasar nan, ya zo da wata magana mai nauyi a babin raya mataccen fili. Ya nuna ba a hana mutum kamun kifi, ko da ruwan yana cikin mallakar wani, ko da yake masu sharhi sun yi saɓani a kan iyakar wannan hukunci. Wanda ya dubi maganar sama-sama zai ce ta rushe hanin Sarkin Ruwa. In an duba da kyau, abin da littafin ya ƙi shi ne mutum ɗaya ya mallake abin da Allah ya zuba wa kowa. Hanin al'ada kuwa jinkiri ne da ya hau kan kowa don amfanin kowa, irin abin da shugaba ke da ikon yi saboda maslaha. Inda malamai suka yi tsayin daka shi ne wajen yanka da roƙon iskokin ruwa da waɗansu sarakunan ruwa ke yi kafin a shiga. Wannan an yi ta wa'azi a kansa, ya kuwa ragu ƙwarai, addu'a ta maye gurbinsa a wurare da yawa. Abin baƙin ciki shi ne, a waɗansu garuruwa da tsoron iskoki ya fita daga zukata, sai tsoron keta hanin ma ya bi shi, ba a kuwa sa wani abu mai ƙarfi a madadinsa ba.

Turawa sun shiga Zariya cikin 1902. Kafin shekara goma hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ta, ta isa Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a ƙetaren Kubanni. Cikin ma'aikatan mulki da na soja akwai masu sha'awar fatsa, waɗanda suka zo da sanduna masu ƙarfen naɗe zare da kifin ƙarya na ƙarfe mai walƙiya, suna tafiya kogin Kaduna da Kwara da Binuwai neman giwan ruwa da tsage. Su kan auna abin da suka kama a sikeli su rubuta, su ɗauki hoto, sau da yawa kuma su bar wa barori naman. Mutanen gari suna kallon wannan da mamaki, a ce mutum ya ɓata yini a rana don kifin da ba zai ci ba. Amma a ƙasarsu ma sai da suka koyi abin da Sarkin Ruwa ya sani. Da masu fatsa suka yi yawa a Ingila, kifin koguna ya fara ƙarewa, sai majalisarsu ta yi doka cikin 1878 ta hana kamun yawancin kifayen kogi daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Yuni, watau lokacin da suke zuba ƙwai. Wannan hani yana nan a kogunan Ingila har yau, akwai kuma ma'aikata masu bin gaɓa suna duba takardar izini.

Jirgin ƙasa ya canja abincin birni fiye da yadda fatsar Turawa ta canja shi. Hanya ta kai Nguru cikin 1930, ta kai Maiduguri cikin 1964, banda ta yi ta zuwa daga fadamun Haɗeja da tafkin Cadi cikin buhuna da kwali. Uwargida a Limancin Kona ta samu busasshen kifin miyar kuka ko da yaushe, ba sai ta jira ranar su ba. Daga baya, cikin shekarun 1970 da kuɗin man fetur suka shigo, aka fara kawo kifin teku na ƙanƙara daga ƙasashen waje. Tun daga nan cikin mutanen birni ya daina dogara da Galma, abin da ciki bai dogara da shi ba kuwa ido ba ya tsaronsa.

A Argungu abin ya bi wata hanya dabam. Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, aka yi masa babban su don girmamawa. Daga nan bikin ya kafu, ya yi ta girma har mutane suka riƙa zuwa kallo daga ƙasashen duniya, cikin 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da ya kamata duniya ta kiyaye. Mutane suna ganin dubban masu homa da gora suna rugawa cikin Matan Fada, suna ganin giwan ruwan da sai mutum biyu ko uku ke ɗagawa. Abin da ba ya fitowa a hoto shi ne watannin da aka yi ana tsaron wurin ba mai taɓa shi. Ba don wannan tsaro ba, da ba abin da za a kama a sa'a guda. Zazzau ba ta da ruwan da ya kai na Kabi, ba ta kuma mai da sunta bikin sarauta ba, saboda haka hanin ƙauyukanta bai samu irin wannan gata ba.

Cikin 1967 Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta fitar da wani littafin Turanci a kan kifayen Arewa da hanyoyin kamunsu, wanda W. Reed da abokan aikinsa huɗu suka rubuta, a Zariya kuwa aka buga shi, a maɗaba'ar Gaskiya. Ya zo a kan gaɓa, domin ya tarar da koguna kafin a datse su. Shekara ɗaya bayan fitarsa aka gama madatsar Kainji a kan Kwara. Cikin 1973 Jami'ar Ahmadu Bello ta datse Kubanni a Samaru don ruwan sha, cikin 1975 kuma aka yi madatsar Zariya a kan Galma. Ba mai musun amfanin waɗannan ayyuka, gama gari mai girma ba ya rayuwa da rijiya kaɗai, tafkunan da suka samu kuma sun ba karfasa da tarwaɗa wurin zama rani da damina. Amma bango a tsakiyar kogi yana tare kifin da ke hawa, yana kuma rage ambaliyar da ke shiga fadama. Su fadamun ma noman rani ya cinye su, tumatir da albasa da rake sun maye ciyawar da bargi ke sheƙa a ciki, injin ban ruwa yana zuƙe gurabun da iri ke fakewa.

Kayan kamu su ma sun canja. Tarun da na zaren auduga ne ko na rama, saƙarsa wata da watanni, yana ruɓewa, mai shi yana tattalinsa. Wajen 1960 zaren roba ya shigo, ga araha, ga ƙarfi, kifi kuma ba ya ganinsa a ruwa. Kowa ya iya sayen kalli ya shimfiɗa ya kwana. Da manyan kifaye suka ragu sai aka rage idon raga, da waɗannan ma suka ragu aka koma har ga gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan da bai kai yatsa ba. Mafi muni shi ne guba. Gammalin 20 maganin ƙwarin koko ne, amma marasa imani suka gane in an tsiyaya shi a ruwa kome zai taso. Magimfa tana bugar da kifin gurbi ɗaya, wannan kuwa yana bin ruwa yana kashe babba da ƙarami da ƙwai da kwaɗi, ya kuma shiga cikin wanda ya ci da wanda ya sha a ƙasa. Ga kuma dattin gari. Kubanni yana ɗaukar ruwan kwatamin Tudun Wada da Sabon Gari, Kamaca tana ɗaukar na birni, ga leda, ga takin zamani da maganin feshi da ruwan sama ke wankowa daga gonaki. Kududdufan cikin ganuwa da yawa an cike su da shara an yi gini a kai, waɗanda suka rage kuwa ba uban da zai so ɗansa ya ci abin da ya fito daga ciki.

Gwamnati ba ta rasa doka ba. Dokar soja mai lamba 108 ta 1992 ta hana kamun kifi da guba ko nakiya ko lantarki a ruwayen cikin ƙasa, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da inci 3, in ban da wadda aka keɓe don waɗansu ƙananan kifaye. Magana ce mai kyau a takarda. Amma Sarkin Ruwa a bakin ruwa yake kwana, ya san kowane jirgi da mai shi, ma'aikacin gwamnati kuwa yana ofis, mil da yawa daga inda ake ɓarnar, sau da yawa ba shi da ko abin hawa. Inda aka ga doka ta yi aiki, galibi inda aka haɗa ma'aikata da sarakunan ruwa da masu gari ne, aka mayar musu da ikon kamawa da hanawa.

Kifi dai bai yanke a kasuwannin Zariya ba, sai ma ƙaruwa da ya yi, amma yawancinsa ba na kogi ba ne. Kiwon kifi ya fara a Arewa da gonar gwamnati ta Panyam a ƙasar Filato cikin 1951, inda daga baya aka kawo wani kifin Turai mai suna kaf. Yau tarwaɗar kiwo ta cika gari, ana renonta a kwarmin siminti da manyan robobi a bayan gida, ana ba ta abincin buhu, cikin wata biyar ko shida ta isa sayarwa. Sana'a ce mai kyau, ta kuma rufa wa mutane da yawa asiri. Sai dai iri ɗaya ne ko biyu, kuma zuba baƙon kifi a ruwan da ba nasa ba abu ne mai hatsari. Giwan ruwan da ake taƙama da shi a Argungu, da aka zuba shi a tafkin Biktoriya na Afirka ta Gabas cikin shekarun 1950, kafin shekara talatin ya mamaye tafkin, ana ƙiyasta wajen iri 200 na ƙananan kifayen wurin sun ɓace.

Har yanzu in mutum ya bi hanyar Jos da yamma ya tsaya a gadar Galma wajen Dakace, ko ya je bakin madatsa, zai ga masu fatsa a zaune, waɗansu 'yan makaranta, waɗansu ma'aikata da suka tashi daga aiki, waɗansu da sandar kanti mai ƙarfen naɗi irin wadda kakanninsu suka yi wa Turawa dariya a kanta. Abin da ke cikin bokitinsu yawanci karfasa ce kamar tafin hannu, da 'yan ƙurungu, wani lokaci tarwaɗa. Suna kai wa gida a soya, kamar yadda aka saba. Yaron da ya tashi a Limancin Kona yau ya san tarwaɗa, ya san karfasa, ya san kifin ƙanƙara. Bargi da yauni da ramboshi da ɓurdo kuwa, in yana son ya san kamanninsu, sai ya nemi littafin nan na 1967, ko ya tafi ƙauyukan bakin Galma ya tambayi tsofaffin masunta.